Ra'ayinmu: Jiki da hankali, ƙofar likita guda

Kowa ya san maganar nan ta kakanninmu cewa lafiya uwar jiki. Amma in aka tambayi mutane mi ake nufi da lafiya, mafi yawa za su ce rashin masassara, rashin tari, rashin ciwon ciki. Hankali ba ya shiga lissafi sai ranar da ya gushe. Alhali kuwa tun shekara ta 1946, lokacin da ƙasashe suka sa hannu bisa takardar kafa Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, an rubuta cewa lafiya ta ƙunshi jiki da hankali da kuma zaman mutum cikin jama'arsa.

Rubutawa ba ta da wuya. Abin da ke da wuya shi ne gwamnati ta tsara aikin likita ta yadda mai ciwon hankali zai shiga ta ƙofar da mai masassara yake shiga, ya iske wanda zai saurare shi, ya iske magani, kuma ya iya biya. Ƙasashe da yawa sun gwada, kowace da hanyarta. Wasu sun ci nasara, wasu sun tsaya a takarda. Ra'ayinmu a fili yake: wurin da ya dace a kula da hankali shi ne gidan likitan da ya fi kusa da talaka, kuma wannan ba zai tabbata ba sai an ba ma'aikacin da ke can ilimi da magani da kuɗin aiki.

Domin mi za a haɗa su?

Domin a jikin mutum guda suke, kuma ciwon ɗaya yana jawo na ɗayan. Ga misalai da kowane majo na gidan likita ya sani.

Mace ta haihu, sai a ga ta daina magana, ta daina cin abinci, ba ta barci, ba ta jin daɗin ɗaukar jaririnta. OMS ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na masu jego tana fama da irin wannan ciwo, galibi baƙin ciki mai tsanani. Binciken da aka yi a Pakistan da wasu ƙasashe ya nuna ɗiyan irin waɗannan mata sun fi saurin ramewa da tsumburewa. In aka kawo yaron awo, aka ba shi abincin tamowa, ba a tambayi uwar halin da take ciki ba, to rabin aikin aka yi, kuma bayan ƴan watanni za a sake ganinsu.

Mai tarin fuka yana buƙatar shan magani wata 6 ba fashi. Mai sida da mai ciwon sukari da mai hawan jini, nasu shan maganin na tsawon rai ne. Wanda baƙin ciki ya danne, wanda ya fid da rai da kansa, shi ne na farkon barin magani. In mai tarin fuka ya bari a tsakiya, ciwon yana iya dawowa da ƙarfin da maganin farko ba ya jin sa, kuma ya shafa wa mutanen gidansa.

Akwai kuma wanda ciwon jiki ne ke gare shi, amma aka ɗauke shi mahaukaci. Masassarar cizon sauro in ta hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da taifot, duk suna sa mutum sambatu da fizge-fizge. Irin wannan allura yake buƙata cikin gaggawa. In aka ce iskoki ne aka rufe shi a ɗaki kwana 3, ana iya rasa shi. Wanda ya tsira kuma, wani lokaci ciwon yakan bar masa farfaɗiya.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba ta yaɗuwa ta miyau ko ta taɓa jiki. Mutum wajen miliyon 50 ke fama da ita a duniya, kusan kashi 80 bisa 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. OMS ta ce har kashi 70 bisa 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani daidai, amma a ƙasashe matalauta 3 cikin 4 ba su samun sa. Sai ranar da yarinya ta faɗa cikin wuta a madafa ake kawo ta likita, a wanke ƙuna, a ɗaure, a sallame ta, abin da ya jefa ta wutar yana nan.

Daga ƙarshe, masu taɓin hankali mai tsanani suna riga sauran mutane mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma mafi yawa cututtukan jiki ne da ake iya magancewa suke kashe su. Dalili, ba mai auna musu jini, ba mai duba tarinsu. Da zarar an ce wa mutum mahaukaci, in ya ce ƙirjinsa na ciwo ba a yarda.

Hanyoyi uku da gwamnatoci suka bi

Hanya ta farko ita ce ta gina babban gida guda a babban birni, a tara masu taɓin hankali ciki. Wannan gadon zamanin mulkin mallaka ne, kuma asalinsa tsare mutane aka nufa da shi fiye da warkar da su. Ƙasar Gana ta buɗe na Akra a shekara ta 1906, ta ƙara na Ankaful a 1965 da na Pantang a 1975, dukansu a kudancin ƙasar, kusa da teku. Mutumin arewa sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Irin waɗannan gidaje suna cinye mafi yawan ɗan kuɗin da aka keɓe wa lafiyar hankali, suna kula da mutane kaɗan, kuma wanda ya shiga ya fito sunan ya bi shi har abada. Ba mu ce a rushe su ba, domin akwai ciwon da sai an kwantar da mai shi. Amma ba za su taɓa isar ƙasa ba. OMS ta faɗa a 2022 cewa a yankinta na Afirka likitan hankali 1 ne ke ga mutum dubu 500. Ko yau aka ninka yawansu sau 10, ba za su kai ƙauye ba.

Hanya ta biyu ita ce ta shela. A watan Satumba na 1978 wakilan ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta lokacin, suka amince cewa tushen kiwon lafiya shi ne ƙaramin gidan likita na kusa da jama'a. Sun jera ayyuka 8 da ya kamata a samu a wurin, irin su rigakafi, da ruwa mai tsabta, da kula da uwa da yaro, amma ba a ambaci hankali da sunansa cikin jerin ba. Maƙwabciyarmu Najeriya tana cikin waɗanda suka fara cike wannan giɓi: manufarta ta 1991 ta ɗauki lafiyar hankali a matsayin aiki na 9 na ƙananan asibitoci. Niyya ce mai kyau, kuma ta riga ta ƙasashe da yawa. Sai dai likitocin ƙasar da kansu sun yi ta rubuta cewa shekaru sun wuce ba a bi shelar da horo da magani da kuɗi yadda ya kamata ba. Dokar mahaukata ta 1958 ma ta ci gaba da aiki har watan Janairu na 2023, lokacin da aka sa hannu bisa sabuwar doka. Ba Najeriya kaɗai ba ce. A ƙididdigar OMS ta 2020, ƙasa 1 cikin 4 ce kawai ta cika sharuɗɗan da ake cewa ta haɗa lafiyar hankali da aikin ƙananan gidajen likita.

Hanya ta uku ita ce ta shela da cikawa, kuma misalinta mafi bayyana yana ƙasar Shili, a Amurka ta Kudu. A can an yi gwaji a ƙananan gidajen likita 3 na unguwannin talakawa a birnin Santiyago, da mata 240 masu fama da baƙin ciki mai tsanani. Rabinsu aka bar su bisa kulawar da aka saba. Sauran rabin aka haɗa su da ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a, waɗanda suke tara su ƙungiya-ƙungiya suna yi musu bayanin ciwon, suna bin sawunsu, kuma wadda ciwonta ya yi nauyi likita ya rubuta mata magani. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna bayan wata 6 kashi 70 bisa 100 na rukuni na biyu sun warke, na farko kuwa kashi 30. Gwamnatin Shili ta buɗe tsarin ƙasa na maganin wannan ciwo a ƙananan gidajen likita tun 2001. Sa'an nan ta yi abin da ya fi komi muhimmanci: ta sa shi cikin jerin cututtukan da doka ta lamunce wa ɗan ƙasa. Taɓin hankali mai tsanani da ake kira sikizofireniya ya shiga a 2005, baƙin ciki na masu shekara 15 zuwa sama ya shiga a 2006. Doka ta ƙayyade kwanakin da mai ciwo zai jira, ta ƙayyade iyakar abin da zai biya, kuma in ba a cika masa ba yana da wurin kai kuka.

Wani zai ce Shili ta fi mu arziki nesa ba kusa ba. Gaskiya ne. To mu dubi Habasha. Shekaru masu yawa asibitin Amanuwel na Adis Ababa shi kaɗai ne asibitin hankali a ƙasar. A 2012 gwamnati ta fitar da tsarin da ya ce a kai aikin ƙananan gidajen likita, bisa littafin jagora na mhGAP da OMS ta fitar a 2010 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun hankali ba. A yankin Butajira an gwada abin da ya fi wuya, wato masu taɓin hankali mai tsanani da ke buƙatar kulawa ta dogon lokaci. Wasu suka ci gaba da zuwa asibitin gari wurin ma'aikacin jinya ƙwararre, wasu aka mai da su gidan likitan karkara mafi kusa, hannun ma'aikatan da aka horar kuma ake zagayowa duba aikinsu. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna bayan shekara guda na karkara ba su kasa na gari samun sauƙi ba.

Ƙorafin da ya kamata a saurara

Akwai ma'aikatan lafiya da ke cewa: majo guda ne a gidan likita, da damina yana duba yara masu masassara tun safe har dare, ga awo, ga rigakafi, ga haihuwa, ga takardun ƙarshen wata, yanzu kuma za a ɗora masa wani kaya? Akwai kuma ƙwararrun da ke tsoron kada wanda ya yi horon kwana 5 ya riƙa rubuta magani mai ƙarfi ga wanda bai dace ba. Duka biyu suna da hujja, kuma duk tsarin da ya toshe kunne gare su zai faɗi.

Amsa ta farko ita ce, waɗannan marasa lafiya suna zuwa tun yanzu. Su ne masu dawowa kowane mako da ciwon kai, da faɗuwar gaba, da zafin jiki da awo ba ya nunawa, a ba su farasetamol da maganin masassara su tafi, su dawo. Ganewa da wuri tana rage wannan zarya. Amsa ta biyu, horo ba tare da bibiya ba ɓarnar kuɗi ce. Abin da ya sa na Habasha ya yi kyau shi ne ba a bar ma'aikacin karkara shi kaɗai ba. Aikin ƙwararre ya canza: maimakon ya zauna yana jiran layi, sai ya zama mai koyarwa, mai zagaye, mai amsa waya, mai karɓar wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙauye.

Mu fa a Nijar?

Ba daga ƙasa za mu fara ba. Muna da tsani da ya tashi daga ɗakunan shan magani na ƙauyuka, zuwa gidajen likita da ake kira CSI, zuwa asibitocin gunduma da na jiha, har manyan asibitocin ƙasa. Muna da tsarin ƙasa na lafiyar hankali a ma'aikatar kiwon lafiya, da sashen da kowa ya sani da suna Pavillon E a babban asibitin Yamai. Tun kafin Alma-Ata ƙauyukanmu sun san ungozomomi da masu ba da taimakon farko da aka horar. Sai dai ƙwararrun hankali ƴan ƙalilan ne, kuma a manyan birane suke. Mutumin Tanut, ko na Dakoro, ko na Abalak, in ɗansa ya zautu, sai ya sayar da akuya ko tunkiya kafin ya kai shi wurinsu.

Bukata kuwa ƙaruwa take yi. Tun watan Fabrairu na 2015 da aka kai hari Boso da Difa, dubban mutane sun bar gidajensu. Tilaberi da Tawa sun ga nasu, kudancin Maraɗi ya karɓi ƴan gudun hijira tun 2019. OMS ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da yaƙi ya shafa mutum 1 cikin 5 yana da wani ciwo na hankali, daga mai sauƙi har mai tsanani. Ga kuma tiramol da sauran ƙwayoyi da ke lalata samari a birni da ƙauye.

Saboda haka muna kira ga magabata da su dubi abubuwa 5.

Na farko, ilimi. A ƙarfafa darasin lafiyar hankali a makarantun koyon aikin likita na Yamai da Damagaram da sauransu, domin ma'aikaci ya fito da shi tun daga makaranta. Waɗanda ke bakin aiki a horar da su, kuma duk lokacin da shugabannin lafiya na gunduma suka fita zagaye, wannan aiki ya kasance cikin abin da suke dubawa.

Na biyu, magani. Fenobarbital na farfaɗiya, da haloferidol na taɓin hankali, da amitiriftilin na baƙin ciki, tsofaffin magunguna ne masu araha, kuma suna cikin jerin magungunan tilas na OMS. Su kasance a kanta guda da maganin masassara, su biyo hanya guda daga ma'ajiyar ƙasa zuwa farmasin CSI. Yankewarsu haɗari ce: mai farfaɗiya in ya daina shan fenobarbital farat ɗaya, faɗuwar tana iya dawowa fiye da da, har ta yi kisa. Gidan likitan da ba zai iya tabbatar da maganin kowane wata ba, ya yaudari wanda ya fara ba shi.

Na uku, kuɗi. A duniya gwamnatoci suna keɓe wa lafiyar hankali wajen kashi 2 bisa 100 na kasafin kiwon lafiya, ƙasashe matalauta kuwa ƙasa da haka. Ƙasarmu ta nuna tana iya yanke shawara mai nauyi: a 2006 ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, a watan Satumba na 2024 ta rage rabin kuɗin duba marasa lafiya a asibitocin gwamnati. Amma shekarun da suka biyo bayan 2006 sun koya mana cewa in kuɗin da ake mayar wa gidajen likita ya yi jinkiri, kanta takan bushe. Ciwon da ake sha wa magani shekara da shekaru yana buƙatar layinsa a cikin kasafi, a rubuce, kuma a fitar da shi kan lokaci.

Na huɗu, rajista. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a yi masa odar magani. A tabbata rahoton wata na kowane CSI yana nuna masu farfaɗiya nawa, masu taɓin hankali nawa, masu baƙin ciki nawa aka gani, nawa suka dawo, nawa suka ɓace. Karne guda ya ishi mutum guda, a rubuta hawan jininsa da ciwon hankalinsa a wuri ɗaya.

Na biyar, haɗin ya tafi ta fuska biyu. Kamar yadda majo zai tambayi mai tarin fuka yadda yake barci da abin da ke damun zuciyarsa, haka sashen masu taɓin hankali zai auna jini da sukari da nauyin wanda ya kwantar, tun da wasu magungunan hankali suna ƙara ƙiba da haɗarin ciwon sukari.

Malamai, masu maganin gargajiya da iyali

Kowa ya san kafin a kai mai taɓin hankali likita, an riga an kai shi wurin malam ko boka. Tsarin da ya yi kamar bai san da haka ba yana ruɗin kansa. Tun 1954 likita Tomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abekuta, yana aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suke ziyartar masu taɓin hankali a gidajen masu maganin gargajiya da masu addu'a, suna ba da magani da shawara. Waɗanda suka samu wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. Addu'a da ƙwayar magani ba su hana juna aiki. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne mari da turu da bulala da hana abinci. Sarakuna da limamai suna da bakin faɗa a nan, kuma in akwai magani kusa, iyalin da suka ɗaure ɗansu domin sun rasa yadda za su yi za su kwance shi.

Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci kuka iya karatu, kuna da rabonku na aiki. Ku karanta wa maƙwabta wannan shafi. In yaro ya faɗi da farfaɗiya, a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komi a baki, in ya farfaɗo a kai shi likita. Kada a fid da shi daga lakol. Mai jegon da ta yi shiru fiye da kima, a zauna da ita, a raka ta awo, a faɗa wa ungozoma. Wanda ya ce ya gaji da duniya, kada a yi masa dariya, kada a bar shi shi kaɗai. Wanda ke shan magani, a taimaka masa da karanta ranar komawa da ke cikin karnensa.

Ƙasashen duniya sun ɗaukar wa kansu alkawari a OMS cewa kafin shekara ta 2030 kashi 80 bisa 100 daga cikinsu za su haɗa lafiyar hankali da aikin ƙananan gidajen likita, kuma ministocin lafiya na Afirka sun jaddada wannan tafiya a Lome a watan Agusta na 2022. Lokacin ya matso, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da za mu ce mun cika alkawari ita ce ranar da uba daga ƙauye zai kawo ɗiyarsa mai farfaɗiya CSI mafi kusa, a duba ta, a ba ta maganin wata, kuma in ya dawo wata mai zuwa ya iske maganin yana nan.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.